Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi A Kan Gina Wa Mabukata Gida

Darasinmu na wannan wata a kan wurin kwana ne. Kafin a fara, shugaban aji ya sa a karanta Nehemiya sura 3 da sura 5, da kuma Yaƙub 2:14-17.

Ekklesiyoyinmu sun saba taimakon mabukata da hatsi da tufafi, wannan kuwa abin godiya ne. Amma zancen gida ba mu cika taɓa shi ba, gama muna ganin ya fi ƙarfinmu. Duk da haka kowa ya san halin da iyali su ke ciki idan ɗakinsu yana yoyo. Uwa ta kwana tsaye tana tara ruwa a kwano, yara su tashi da tari, ɗan abincin da aka ajiye ya jiƙe ya ruɓe. Maigida kuwa kunya ta hana shi kiran kowa gidansa, har fasto ma ba ya so ya zo masa ziyara.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya za a taimaki mutum ya sami gida mai kyau ba tare da an mai da shi maroƙi ba? Waɗansu masu bi a ƙasar Amurka sun yi fama da wannan tambaya. Za mu duba abin da suka yi, mu auna shi da Maganar Allah, sa'an nan mu ga abin da za mu iya ɗauka.

1. Inda aikin ya fara

A shekara ta 1942 wani mai wa'azi, Clarence Jordan, da matarsa Florence, tare da Martin England da matarsa Mabel, suka kafa wata gona kusa da garin Americus a jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Suka sa mata suna Koinonia, watau zumunta a harshen Helenanci. Jordan ya yi karatun aikin gona, ya kuma yi zurfi a Helenancin Sabon Alkawari. Nufinsu shi ne su zauna kamar Ekklesiya ta fari, suna tarayya cikin abin da su ke da shi.

A zamanin nan dokar wannan yanki ta raba baƙaƙen fata da Turawa a makaranta da wurin cin abinci, al'ada kuma ta raba su har a ɗakin sujada. Amma a Koinonia tare su ke aiki, tare su ke cin abinci. Wannan ya jawo musu tsanani. Wajen 1956 da 1957 mutanen gari suka ƙi saye da sayarwa da su, aka fasa rumfar da su ke sayar da amfanin gona da bom, aka yi ta harbi cikin gonar da dare. Mutane da yawa suka tashi, amma Jordan ya zauna.

Akwai kuma wani lauya ɗan kasuwa daga jihar Alabama, Millard Fuller. Yana da shekara 29 dukiyarsa ta kai dala miliyan, amma neman kuɗi ya ɗauke masa hankali har aurensa ya kusa mutuwa. A 1965 shi da matarsa Linda suka shirya tsakaninsu, suka rabar da dukiyarsu, suka shiga neman abin da Allah ya ke so su yi. A wannan shekara suka fara zuwa Koinonia, a 1968 kuma suka komo da zama.

Maƙwabtan gonar yawancinsu matalauta ne masu noma a gonakin waɗansu. Suna zaune cikin bukkokin katako da suka tsufa, ba ruwa, ba makewayi a ciki, iska da ruwan sama suna shiga ta ko'ina. Banki ba ya ba irinsu rance. Jordan da Fuller suka lura mutanen nan ba ragwaye ba ne. Abin da suka rasa shi ne jari, da abokan da za su kama musu. Sai suka buɗe asusu, suka yanka filaye 42 a gefen gonar, kowane rabin eka, aka soma gini. Jordan bai ga ƙarshen gida na fari ba, gama ya rasu a watan Oktoba 1969. Ya shuka, waɗansu suka girbe.

2. Yadda aka tsara aikin

Ga ƙa'idodin da suka bi tun daga farko. A lura da su da kyau, gama su ne zuciyar darasin.

Ta fari, gidan ba kyauta ba ne. Ana sayar wa iyalin a kan abin da aka kashe, ba a ɗora riba ko ta kwabo.

Ta biyu, ana biya kaɗan kaɗan kowane wata har shekara 20, ba ruwa a kan bashin.

Ta uku, abin da aka biya yana komawa cikin asusu domin a gina wa wani. Mu yi lissafi. Idan iyali 20 kowanne yana biyan kashi ɗaya cikin 20 na kuɗin gidansa a shekara, to, kowace shekara kuɗin sabon gida guda ya taru. Ashe wanda aka taimaka jiya, shi ne mai taimako yau.

Ta huɗu, masu aikin sa kai suna ba da ƙarfinsu kyauta, masu hali suna ba da kuɗi ko rance marar ruwa. Iyalin da za su shiga gidan su ma suna aiki, a nasu gida da na maƙwabtansu. Daga baya aka mai da wannan doka, aka riƙa ƙidaya awoyin, sau da yawa har ɗaruruwa. Suna ce da shi jarin gumi. Wanda ba shi da kuɗin zubawa yana da gumi, gumin kuwa ana lissafta masa.

Wajen zaɓen iyali abu uku a ke dubawa: tsananin bukata, da ikon biya, da yarda a yi aiki tare. Ba a tambayar addinin mutum ko launin fatarsa.

3. Yadda aikin ya bazu

A 1973 Fuller da iyalinsa suka tafi Mbandaka, a bakin kogin Kwango, cikin ƙasar da a ke kira Zayar a lokacin, domin su gwada ko tsarin zai yi aiki a Afirka. Filin da aka ba su yana da tarihi. A zamanin mulkin Beljiyam an bar shi fili ne domin ya raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A nan aka shirya gina gidaje fiye da 100 na bulo. Wurin da dā ya ke raba mutane ya zama unguwa. Bayan shekara uku suka koma gida, a 1976 kuma aka kafa ƙungiyar da a ke kira Habitat for Humanity, watau mazauni domin 'yan Adam.

Wanda ya sa duniya ta san aikin shi ne Jimmy Carter, shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Da yawa cikinmu mun san sunansa saboda yaƙin da ya yi da ciwon kurkunu a ƙauyukanmu. Garinsu, Plains, ba shi da nisa da Americus. Shi malamin makarantar Lahadi ne, ya kuma iya aikin kafinta. A 1984 shi da matarsa Rosalynn suka shiga bas tare da sauran ma'aikata zuwa birnin Niyok, suka kama gyaran wani tsohon bene mai hawa shida domin iyali 19. Daga nan suka riƙa ba da mako guda kowace shekara. A 2002 a Durban ta Afirka ta Kudu aka yi, aka gina gida 100. A 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida har aka yi masa ɗinki a goshi, amma da gari ya waye a wurin aiki sai ga shi da guduma a hannu. Cikin shekarun nan shi da matarsa sun sa hannu a gidaje fiye da 4,000 a ƙasashe 14. Ya rasu ran 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100.

A shekara ta 2000 ƙungiyar ta gama gida na 100,000, a 2005 kuma na 200,000. A wannan shekara ta 2005 saɓani ya shiga tsakanin Fuller da majalisar ƙungiyar, aka sallame shi. Ya kafa wata ƙungiya mai irin wannan aiki, ya ci gaba har rasuwarsa a 2009. Dukansu biyu ba su daina gini ba. Wannan ya koya mana a kafa aiki a kan ƙa'ida, kada a kafa shi a kan mutum ɗaya, komai baiwarsa.

4. Da sabon gini gara yaɓe

Ba kowa ne ke bukatar sabon gida ba. Tsofaffi da yawa suna da gidan kansu, amma ƙarfi ya ƙare, ba mai hawa ya gyara rufi. Saboda haka ƙungiyoyin nan suna gyara kuma: su sāke rufi, su gyara ƙofa da taga, su yi wa gurgu hanyar da kekensa zai bi. A ƙungiyar da Fuller ya kafa daga baya, idan an gama irin wannan gyara akan ba mai gidan ɗan akwati da ambulan a ciki. Ba takardar jingina, ba mai zuwa karɓa. Yana sa abin da ya iya sa'anda ya samu, domin a gyara na wani. Sun ɗauko wannan daga Ayyukan Manzanni 20:35, inda aka nuna albarkar mai bayarwa ta fi ta mai karɓa. Suka ce, in haka ne, don me za a hana matalauci wannan albarka?

Kuɗin gina gida guda ya isa a gyara gidaje da yawa. Ekklesiya ƙarama da ba ta iya gini tana iya gyara.

5. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Yanzu mu auna.

A kan ruwan bashi, Fitowa 22:25 ta hana mutanen Allah karɓar ruwa daga matalaucin da suka ba rance. A Nehemiya sura 5 mun ga abin da ya kan faru idan an ƙi wannan. Ana tsakiyar ginin garu, sai talakawa suka kawo kuka: sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin hatsi da kuɗin haraji, har 'ya'yansu sun shiga bauta, masu binsu bashi kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya ya tara jama'a, ya tsauta wa manya, ya sa suka mayar da gonaki da gidaje. Bai ce a bari sai an gama garu ba.

A kan mutuncin mabukaci, mu tuna da dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10. Ba a ce mai gona ya girbe ya sussuke ya kai wa matalauci gida ba. An ce ya bar gefen gona, matalauci ya zo ya tattara da hannunsa. Haka Rut ta ciyar da kanta da surukarta, da yamma ta koma gida da abin da guminta ya samo. Allah ya shirya taimakon yadda mai karɓa zai tafi da kansa a ɗage.

A kan aiki tare, Nehemiya sura 3 ta jera sunayen maginan. Akwai firistoci, da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da 'yan kasuwa, da Shallum mai mulkin rabin Urushalima tare da 'ya'yansa mata. Yawancinsu gini ba sana'arsu ba ne. Da yawa kuma sun gyara wurin da ke daura da gidajensu. An rubuta har da manyan Tekowa waɗanda suka ƙi sunkuyawa su yi aiki. Garun ya ƙare cikin kwana 52.

Yaƙub kuwa ya yi mana gargaɗi a kan sallamar ɗan'uwa da fatar baki alhali yana cikin yunwa da tsiraici. Mu kan ce wa wanda ɗakinsa ya faɗi, "Allah ya mayar da alheri." Addu'a ce mai kyau. Amma sau da yawa hannunmu ne Allah ya ke so ya mayar da alherin da shi.

6. Mu fa?

'Yan'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya. Idan mutum zai ɗora jinka sai ya kira maƙwabta, a ɗaga tare, a ci tuwo, a watse, gobe shi ma a kira shi ya je. Ba wanda ya ke jin kunyar gayya, gama bashi ne na ƙarfi, kowa yana ci, kowa yana biya. Abin da mutanen Koinonia suka ƙara shi ne asusu, da littafin lissafi, da kuma shigar da wanda ba shi da abin dafa wa 'yan gayya. A nan ne gayyarmu ta kan gaza. Gwauruwa da tsoho da marar lafiya ba su iya kiran gayya, su ne kuwa suka fi bukatarta.

Ga shawarar da mu ke kawowa gaban dattawan kowace Ekklesiya.

Da kaka, bayan an ɗauke ruwa, a zaɓi mutum uku ko huɗu, har da mace, su zaga su duba gidaje. Su duba inda bango ya tsage, inda gindinsa ya zaizaye, inda gara ta ci azara, inda indararo ya karye, inda kwano ya hude. Su yi haka cikin ladabi, kamar masu ziyara.

Da rani a yi aikin, tun ruwa bai sauko ba. Ginin ƙasa yana bukatar rana, kowane ɗori sai ya bushe kafin a ƙara wani. Wanda ya bari sai watan Agusta, ya makara.

A raba aiki yadda kowa zai samu nasa. Samari su haƙo ƙasa, su kwaɓa, su yi tubali. Zumuntar mata ta san ɗebo ruwa da daɓe. Yara su miƙa tubali. Tsohon da ba ya iya ɗaukar kaya ya zauna a inuwa yana saƙa zana ko tufka igiya. Mai gidan da 'ya'yansa su ne na fari a wurin aiki, ranar gyaran gidan wani kuma a gan su.

A buɗe asusu domin abin da sai an saya, kamar kwano, da ƙusa, da siminti, da katako. Wanda aka saya wa ya mayar a hankali, ba ruwa, ko da kuɗi ko da hatsi lokacin girbi.

7. Inda za a yi hankali

Aikin kirki ma yana iya jawo ɓacin rai idan ba a yi shi da hikima ba.

A fara tabbatar da mai gida. Idan aka gyara gidan haya, mai yiwuwa ne mai shi ya ƙara kuɗi, ya kori wanda aka so a taimaka. Idan gidan gwauruwa ne, a zauna da dangin mijin a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta cewa ita da 'ya'yanta za su zauna ciki. In ba haka ba, ranar da aka ɗora sabon kwano, ranar ce masu gādo za su tuna da gidan.

A sa magini na ainihi a kan aikin, a kuma biya shi hakkinsa in ba shi ne ya yafe ba. Ƙauna ba ta iya tsai da bangon da aka gina a karkace. Kada kuma a gina a kan hanyar ruwa don fili ya yi araha.

Kuɗin asusu kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. A zamanin sarki Yowash, sa'anda a ke gyaran Haikali, an huda murfin akwati ana zuba kuɗi, idan ya cika kuwa magatakardan sarki da babban firist tare su ke ƙidayawa, kamar yadda 2 Sarakuna sura 12 ta nuna. Mu ma a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

A yi haƙuri da mai biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan shekara ta yi fari, a ɗaga masa. Amma wanda ya ke da hali ya ƙi biya, dattawa su nuna masa cewa ba Ekklesiya ya hana ba, ɗan'uwansa da ke jiran layi ya hana.

A tuna da waɗanda ba su iya biyan komai. Tsarin da ya ce sai mai ikon biya yana barin mafi talauci a waje. Makauniyar da ba ta da kowa, a yi mata kyauta, kada a ɗora mata bashi. Idan ta kawo ƙwai biyu domin asusu, a karɓa da hannu biyu, a rubuta.

Kada a yi shela. Ubangijinmu ya yi gargaɗi a Matta sura 6 a kan yin sadaka domin idon mutane. Ba lalle ba ne a tsai da mutum gaban jama'a ya yi godiya, ko a baza hotonsa a waya.

Kada kuma a tsaya ga 'yan Ekklesiya kaɗai. Idan bangon maƙwabcinmu ya faɗi, shi Musulmi ne ko mai bin al'adar gargajiya, maƙwabci ne. A taimake shi ba da sharaɗi ba. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin shiga addini ya zama ciniki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ƙa'idodi huɗu ne aka bi a Koinonia? Wace ce za ta fi yi mana wuya?
2. Me ya sa Allah ya ce a bar kala a gona maimakon a kai wa matalauci gida?
3. A Nehemiya sura 3, su wane ne suka yi aiki, su wane ne suka ƙi?
4. Gida nawa ne a unguwarku da ba za su kai ƙarshen damina mai zuwa ba in ba a taɓa su ba?
5. Wace rana ce ajinku zai fara da na fari?

Kada a tashi daga aji sai an amsa tambaya ta 5, an kuma rubuta ranar. Sa'an nan a rufe da addu'a domin gwauraye da marayu da dukan waɗanda ruwa ya rushe wa gidaje, a roƙi Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya da hannuwa masu aiki.